Dashe da Ƙasar Uwa

Diffa, 14 ga Yuni, 2019

Zuwa ga Kubra 'yar Maina, a ƙasar Faransa.

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mu nan alhamdu lillahi, ban da abin da zan faɗa miki.

Wataƙila kin manta ni, tun kina 'yar firamare rabona da ke. Ni ne Laminu. Kakana da kakan ubanki ciki ɗaya suka fito. Ni ne wanda ya bar kolej a aji uku, ba don jakanci ba, don babu mai saya mini ko alƙalami. Na yi dako a kasuwar Diffa har wuyana ya yi kanta. Da gumin dako na sayi injin ban ruwa na farko a ƙauyenmu. Na sare ƙaya a bakin Komadugu, wurin da ko akuya ba ta shiga, na mai da shi gonar tattasai. Na haƙa magudana daga kogi, na gina datsiya a bakinta da buhunan yashi, kowane buhu a kaina ya hau. Tattasaina ya ci kasuwar Maiduguri, ya ci ta Kano. Na gina gidan siminti. Na kai uwata Makka. A duk wannan babu hannun ɗan'uwa, babu na gwamnati, babu na masu farar mota da ke rabon taimako.

Sai 2015 ta zo. Yaran daji masu bindiga suka hana mu sakat, soji suka ce a tashi daga bakin kogi, aka hana cinikin tattasai. Na kwashi iyalina na tafi Damagaram. Na bar wa ubanki makullin ɗakin inji, na ce, "Maina, ka riƙa leƙawa." Ya leƙa kuwa. Ya leƙa har ya shige da ƙafa biyu. Da aka sake buɗe noma shi ya dasa gonata, bara ma shi ya dasa. Ranar da labarin ya same ni ina tsaye a tashar Damagaram, sai na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. A asibiti na farka. Lokotoro ya ce wani ɓangare na naman zuciyata ya mutu, ya zama tabo, ba zai ƙara motsi ba. Yau ni da nake ɗaukar buhu ina raha, daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na tsaya na huta. Ƙafafuna suna kumbura. Ba na kwanciya sai a jingine.

Makon jiya a wajen wani suna na ji ubanki yana baza riga yana cewa, "'Yata tana can tana dasa sabon nama a zuciyar da ta mutu." Jama'a suna ta masha Allah. Na ce a raina, to madalla, uba ya fasa, 'ya ta ɗinke. Ba roƙo nake ba, Kubra, ban taɓa roƙon kowa ba. Diyya nake nema. Ki faɗa mini ranar da zan zo da takardun da ake bukata. Ina son in tsaya gaban bulama, mai garinmu, da ƙafafuna, in yi magana numfashina bai yanke ba, in karɓi gonata ubanki yana kallo.

Zan ba direban da ke zuwa Yamai wannan takarda, ya kai wa ƙawarki Zeinabou ta ɗauki hotonta ta aiko miki. Kada ki kira ni. Maganar waya iska ce. Ki rubuta, ta buga a takarda ta ba direban.

Ni ne,
Laminu

*

Faransa, 2 ga Yuli, 2019

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya jiki, yaya su Inna da yara? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, sai kewar gida.

Ban manta ka ba. Kai ne kake ɗora ni a kan buhunan tattasai ina atishawa kana dariya. Na karanta takardarka sau da yawa, ban san ciwon ya kai haka ba.

Baffa, zan faɗa maka gaskiya, don na san ba ka son kwana-kwana. Babana ya ƙara gishiri. Ba na yi wa mutane aiki tukuna. A jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganinsu, waɗanda ba su gama zama komai ba, kamar iri a wurin reno. Muna renonsu a kwalba, sannan mu yi allurarsu a gefen tabon zuciya, da fatan su zauna su taimaki naman ya farfaɗo. Abin da ya gagare mu shi ne ba sa zama. Zuciya ba ta tsayawa ko na ƙiftawar ido, tana matsewa tana saki, jini yana wucewa da ƙarfi. Kafin kwana ya zagayo, cikin goma da ƙyar ɗaya ya rage. Sauran jini ya kwashe su ya kai huhu da hanta, inda ba su da amfani. Lokacin farkon nan, kafin su kama, shi ne duk haɗarin. Aikina ke nan kaɗai, neman yadda za su zauna. A kan ɓeraye muke gwadawa, bana muka fara da aladu, don zuciyarsu ta yi kusa da ta mutum a girma. Kafin a kai ga mutane, sai an yi shekaru. Da zan ce maka ka zo, da na yaudare ka.

Amma akwai abin da za a yi yanzu. Kada ka tsallake maganin da aka rubuta maka, ko ranar da ka ji ƙarfi. Ka rage gishiri da kanwa da ɗanɗanon miya. Akwai wanda muka yi karatu tare, lokotoro Isma'il, yana duba masu ciwon zuciya a Yamai. Na yi masa maganarka, ya ce ka zo duk ranar da ka shirya.

Batun gona, na tambayi Babana a waya. Ya ce in gaya maka gonar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba. Ka kwantar da hankalinka, ɓacin rai yana ƙara wa zuciya nauyi.

'Yarka,
Kubra

*

Diffa, 20 ga Yuli, 2019

Kubra,

Na samu takardarki. Iyali lafiya. Jiki yana nan yadda ubanki ya bar shi.

Alade! Sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ɓera ya samu, alade ya samu, Laminu ya jira shekaru. Ashe a layin da kika jera, ni ina bayan alade. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban ya ce "ka dakata," 'yar ta ce "ka dakata," sai dai ita ta iya faɗa da ladabi.

Kuma wai gonar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba. Na san muryar Maina ko a takarda. Haka yake magana yana sosa gemu, idan ya ci ka a dara. Ma'anarta, zo ka ɗauka in ka isa. Ke kuma kika ɗauko baƙar magana kika miƙo mini a faranti.

Tun da kin daɗe a waje, bari in tuna miki yadda ake yi a ƙauyenmu. Ba a shari'a a kan gonar da tsiro yake tsaye a cikinta, sai an kwashe. Kuma duk wanda dashensa ya kama sau uku a jere a gona, ba a tsayar da shi ba, gonar ta bi sunansa har jikoki. Ubanki ya ci biyu. Da na dawo farkon shekara tattasai yana tsaye, bulama ya ce in jira. Da aka kwashe, ya ce in kawo shaidu. Shaiduna rikici ya watsa su, ɗaya yana N'Guelbély, ɗaya yana Yébi yana bin layin rabon abinci. Na nemo su da kaina. Yanzu an sa mana rana, Alhamis ta biyu a watan Satumba. Kin san abin da ubanki ya yi? Ya zuba iri da wuri. Na aika an dubo mini wurin renonsa. Zai yi dashe kafin ranar, bulama ya zo ya tarar da tsiro a tsaye, shi ke nan, na uku ya cika.

Na same shi a bakin kasuwa na ce, "Maina, ka ji tsoron Allah, ka jira Alhamis." Ya ce, "Ɗan'uwa, tattasai ba ya jiran bulama. Kai ma ka sani." Ɗan'uwa! Har da tambayata yaya ƙafa.

Amma abu ɗaya na tsinta a takardarki, kuma na gode. Kin ce abin da aka dasa, kafin ya kama, ruwa mai ƙarfi ya ishe shi. Ciwo ya sa na manta da wannan, kin tuna mini. Kogi ya fara cikowa, zuwa Satumba zai kai wuyan datsiya. Datsiyar nan ni na gina ta. Na san buhun da yake riƙe da sauran.

Ki gai da aladunki.

Laminu

*

Faransa, 18 ga Agusta, 2019

Baffa,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan an yi layya lafiya, kuma ba ka ci kilishi mai gishiri ba. Tun takardata ta Yuli ban ji daga gare ka ba. Zeinabou ta ce direban bai zo ba, wai hanya ta yi zafi wajen garin Maine. Na ce bari in rubuto ko da ba amsa, don ina da labari mai daɗi, kuma kai ne wanda zai fahimce shi fiye da kowa.

Ka tuna na ce ƙwayoyin ba sa zama? Da, a cikin ruwa tsagwaronsa muke allurarsu, tsirara. Yanzu muna haɗa su da wani abu mai yauƙi kamar jiƙaƙƙen ƙaro, wanda aka tato daga naman zuciya ita kanta. A cikin allura ruwa-ruwa ne, da ya ji ɗumin jiki sai ya yi kauri ya manne. Ƙwayoyin suna zaune a cikinsa, jini ya wuce ta kansu bai kwashe su ba, kuma suna jin kamar suna gida. Ba mu muka fara tunanin ba, masana da yawa suna kai, amma haɗin da na yi shekara uku ina gyarawa ya yi aiki. Da muka duba, waɗanda suka zauna sun ninka na da sau da yawa. Malamina, tsoho ne mai tsare gida, sai da ya buga tebur. Har yanzu da sauran tafiya kafin mutane, kada in sake sa maka rai. Amma ƙofa ta buɗe.

Ranar da na ga sakamakon, ba Faransa na tuna ba. Na tuna ina yarinya a bakin kogi, Babana yana tsugune da gwangwanin tumatir da aka fasa gindinsa. Ya kifa shi a kan iri, ya danna, ya ɗago tsiron da dunƙulen lakarsa. Ya ce mini, "Kubra, kada ki raba tsiro da ƙasar uwarsa. In kin kai shi baƙon wuri tsirara, ruwan farko zai tafi da shi." Shi ya sa a shafin farko na kundin digirina, wanda zan miƙa ƙarshen shekara, na rubuta: "Ga mahaifina Maina, wanda ya koya mini dashe da ƙasar uwa." Na karanta wa malamina da Faransanci, ya ce zai faɗa a taro. Ka ga, Baffa, noman kogin namu zai shiga bakin manya.

Lokotoro Isma'il yana tambaya. Don Allah ka je.

'Yarka,
Kubra

*

Diffa, 1 ga Satumba, 2019

Kubra,

An yi Sallah lafiya. Takardarki ta zo jiya. Ban ci abinci ba tun da na karanta.

Gwangwanin tumatir. Je ki tambayi duk mai furfura daga nan har Bosso wa ake kira Laminu Mai Gwangwani. Kafin ni, mutanen kogin nan fizge iri suke yi da hannu, su kaɗe saiwar, su soka a laka, rabi ya mutu su ce ƙaddara. Ni na zauna na duba. Ni na fara jiƙa wurin reno tun jajibirin dashe, ni na fasa gindin gwangwani, ni na ce a danne kowane dunƙule da dunduniya. Shekara biyu ana yi mini dariya. Wanda ya fi kowa dariya ubanki ne. Yana cewa, "Laminu, miya za ka yi ko noma?" Da tattasaina ya cika mota nasa bai cika amalanke ba, ya zo gonata ƙwadago. Ni na kama hannunsa na nuna masa yadda ake juya gwangwani kada dunƙulen ya fashe. Maganar da kika ce ya faɗa miki, daga bakina ya ɗauke ta, ko kalma bai canza ba.

Gona bai ishe shi ba. Yanzu har abin da ke cikin kaina ya bi sunansa, kuma a Faransa, a bakin manya. Ya sace na ƙasa, kin sace masa na sama.

Zai yi dashe ranar Lahadi mai zuwa. Talata kasuwar Diffa ce, ƙauye yakan zama wayam. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Laminu

*

Faransa, 9 ga Satumba, 2019

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka kafin ka fita. Yau takardunka biyu suka iso tare, ta Yuli da ta Satumba. Na kira wayarka na saɓa maka, a kashe take.

Wallahi ban san gwangwanin naka ba ne. Ina 'yar shekara bakwai, abin da na gani a hannun Babana shi na sani. Kuma maganar aladu ba raini ba ce. Da zan gwada abin da ban tabbatar ba a ƙirjinka, wannan ne raini.

Ka saurare ni, Baffa. Buhun yashi jiƙaƙƙe ya fi ƙarfin zuciyarka. Idan ka ja shi, ina tsoron a bakin datsiyar za a tsince ka. Ba a matsayin 'yar Maina nake faɗa ba, a matsayin wadda take kallon irin wannan zuciya kullum.

Na sake yi wa Babana maganar gona, ban gaya masa niyyarka ba. Ban gaya masa ba don na san zai iya kai wa jandarma, kuma ka san abin da ake yi wa wanda aka kama yana ɓarna a bakin kogi a wannan zamani. Ba za su tambaye ka tarihin datsiya ba. Ya ce da bai dasa ba, da bulama ya ba wasu, don gona ba ta zama kango ana yunwa. Ya ce shekarar farko yaran daji sun tare shi a cikin gonar, sun kwantar da shi da bindiga a kai, lokacin kana Damagaram. Ban ce yana da gaskiya duka ba. Na matsa masa har ya yarda, idan an kwashe, a raba gonar biyu, ka zaɓi gefen da kake so. Don girman Allah ka karɓa.

Na roƙi Zeinabou ta nemi duk motar da za ta fita yau.

'Yarka,
Kubra

*

Diffa, 24 ga Satumba, 2019

Kubra,

Ina gaisuwa. Iyali lafiya. Ni ban mutu ba, ki gaya wa duk mai jira. Takardarki a gadon jinya ta same ni a gida, kwana huɗu bayan an gama komai. Ko da ta zo da wuri, ba za ta hana ba, kada ki zargi direba.

Talatar na fita da hantsi. Tun da aka hana babur sai amalanke, shi na hau zuwa shingen soji, na nuna katina, sauran na taka. Inda da nake yi da numfashi ɗaya, sai da na zauna na tashi, na zauna na tashi. Ƙauye babu kowa sai awaki. Gonata tana shimfiɗe, kore shar, dashen kwana biyu, layi-layi. Kogi ya cika har yana lasar saman datsiya. Na sa ƙugiya a buhun, na uku daga ƙasa ta gefen gabas. Na ja bai motsa ba. Na ce, kai, ni na ajiye ka a nan. Na sake ja. Wani abu ya soke ni daga ƙirji har muƙamuƙi, amma buhun ya fito, 'yan'uwansa suka biyo shi.

Ruwa ya shiga da ruri. Na zauna a kan tudu ina kallo, ya bi magudana, ya tsallake ta, ya hau fangali bayan fangali, tsiron yana kwanciya. Ban ɓoye miki ba, rabon da in ji daɗi irin wannan tun kafin 2015. Na yi dariya ni kaɗai. Da na zo tashi ne ƙafafu suka ƙi.

A nan ubanki ya tarar da ni bayan azahar, shi da mutanen da suka dawo daga kasuwa. Suka shiga ruwa suka toshe. Ya zo ya tsaya a kaina, wandonsa yana ɗiga. Na jira zagi. Sai ya sosa gemu ya ce, "Laminu, esansi, man inji, ya yi tsada, ka ba ni ruwa kyauta. Na gode." Na ce, "Ka jira gobe ka gode." Ya duba fuskata ya ce, "Leɓenka ya yi toka. Ku kama shi." A amalankensa aka kai ni asibiti. A amalankensa, Kubra. Da an bar ni a tudun ya fi mini. Bai kai wa jandarma ba, kuma na san dalili. Yana son a riƙa cewa Maina mai haƙuri ne.

Alhamis na sa hannu na fito daga asibiti, lokotoro yana faɗa. Shaiduna sun zo. Bulama ya ce a fara zuwa gona. Muka je. Ruwa ya janye, ya bar laka. Tsiron da na gani kwance, duk ya ɗago kai. Kowanne yana zaune a cikin dunƙulensa, an danne shi da dunduniya, daidai yadda ake yi. Ruwan ya wuce ta kansu bai sami abin ɗauka ba. Bulama ya sunkuya ya kama ɗaya ya ja. Ya ƙi fitowa. Ya kama wani. Ya miƙe ya goge hannu ya ce, "Ya kama." Shi ke nan shari'ar. Mutumin Yébi ko baki bai buɗe ba.

Kin gane abin da ya faru? Babu wanda ya kayar da ni a kogin nan. Ba Maina ba, ba bulama ba. Hannuna na da ne ya kayar da hannuna na yau. Da ubanki ya yi dashe irin na ubansa, da yanzu tattasansa yana tafkin Cadi.

Fangali biyu kaɗai ruwa ya share, can ƙarshen gona. Na wata mata ce, Fatime, 'yar gudun hijira daga Malam Fatori, da ubanki ya ba ta aron gefe. Ita da hannu ta fizge irinta ta soka, yadda suke yi a can. Bulama ya ce in mayar mata. Na ce ba sai an faɗa mini ba, ba da ita nake faɗa ba. Ina da iri a bayan gida wanda na reno don ranar da zan karɓi gonata. Na sa aka kai, aka ajiye mini kujera a bakin fangali, na fasa gindin gwangwani na nuna mata. Hannunta yana da kyau, nan da nan ta iya. Tana cikin yi sai ta ɗago ta ce, "Baba, ashe kai ma ka iya dabarar Maina?"

Dabarar Maina. Daga bakin baƙuwa, wadda ba ta da dalilin yi mini ƙarya. Haka ake faɗa yanzu a kogin.

Rabin gona da kika roƙo mini, ki mayar masa. Ba a ba ni rabin abin da yake nawa duka. Wurin lokotoro Isma'il kuwa zan je, ranar Asabar in Allah ya so. Zan sha magani, zan bar gishiri, zan bar kanwa. Ba don kin ce ba. Don ina son in ga ƙarshen ubanki ne, in tsaya a sahun gaba in yi masa salla da ƙafafuna.

Saura abu ɗaya, kuma shi ba a hannun bulama yake ba, a hannunki yake. Kin ce sai ƙarshen shekara za ki miƙa kundin. To akwai lokaci. Ban ce ki goge ubanki ba, ki bar shi, ki ce shi ya haife ki, wannan kam nasa ne, ban yi gardama ba. Amma layin dashe ki gyara shi. Tattasai ana kwashewa, gona tana canza suna, na gani da idona. Abin da aka buga a littafi ruwa ba ya tafiya da shi. Ki rubuta da Hausa, ki rubuta da Faransanci, tsohon nan mai buga tebur ya faɗa a taro da bakinsa. Ki aiko mini hoton shafin, Zeinabou ta buga shi da manyan baƙi, zan liƙa a bakin kasuwa inda ubanki yake zama.

Ga yadda za ki sa, kada ki rage ko wasali: Laminu Abbakar Mai Gwangwani, na bakin Komadugu, wanda ya fara dashe da ƙasar uwa, ba wanda ya koya masa.

Ni ne mai sunan.